Littafin Aiki: Gyaran Zanen Fuskar Wani Zaure a Birnin Zazzau

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Damina ta ɗauke, bango ya sha iska, aiki ya kankama. Gidan yana cikin ganuwa, tafiyar ƙafa kaɗan daga fada. Zauren ginin ƙasa ne, fuskarsa na kallon gabas, faɗinta mita 5.4, tsayinta mita 4.2 in an haɗa da zankwaye. Kaurin bangon a gindi ya kai kamu biyu, yana sirancewa yayin da yake hawa.

Masu aikin su ne dattijon magini ɗaya da yaransa uku, ɗalibai takwas masu karatun tarihi, Hausa da zane-zane, sai malamai biyu. Buƙata biyu ce. Ta farko a ceto zanen kafin wata damina. Ta biyu ɗaliban su koyi gane abin da mutane suka ɗauka da daraja ta hanyar duba abin da hannunsu ya yi, da inda suka sa shi, da abin da suka ƙi sawa.

Ɓarnar da aka gani iri uku ce. Gindin bango ya zaizaye har zurfin taƙi ɗaya saboda ruwan da ke faɗowa ƙasa yana fallatsa. Indararon hagu ya karye, ruwan rufi ya riƙa bin jikin bango har ya yi kwari ta tsakiyar zane. Sai facin siminti da aka taɓa yi a kusurwar dama, wanda in an ƙwanƙwasa shi yake amsawa kamar ganga, alamar ya bar jikin bango. Dalilin a bayyane yake: ƙasa na shan ruwa ta kumbura, ta bushe ta koma, siminti kuwa ba ya motsi. Da zarar ruwa ya shiga ta bayansa ba ya samun mafita, sai ya zauna yana cin ƙasar a ɓoye. Ga kuma matsalar gabas: hadarin farkon damina daga can yake tasowa da iska, shi ya sa bangon gabas ya fi kowane shan duka a ƙasar nan.

Asabar, 23 ga Nuwamba, 2024

Ba a taɓa bango ba sai da aka gama ɗaukar siffarsa. An ja igiyoyi a tsaye da a kwance, rabin mita tsakanin kowace, aka ba kowane gidan da igiyoyin suka yanka lamba. Kowane hoto ana ɗaukarsa da sanda mai tsawon mita ɗaya a jingine, don a san girman abin da ake gani.

Hoton safe bai yi ba. Rana na dukan bangon gabas gaba da gaba, sai zanen ya baje, ba inuwa. Lokacin da ya dace shi ne daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa dab da tsakar rana, sa'ad da hasken ke gogar bangon ta gefe, kowane tudu ya jefa inuwarsa. Ranar da hazo ya sauko kuwa ko wannan ba ya aiki, sai a bari dare ya yi a haska da tocila ta gefe. Da tocilar ne aka gano layin da ido bai taɓa kamawa da rana ba: sarƙar keke da fedarsa.

Daga nan aka shimfiɗa farar leda a kan bangon, aka bi layukan da alƙalamin maka. Kada a liƙa ledar da salatif, yana ɗebo fatar makuba, wato shafen ruwan ɓawon ɗorawa da ake yi wa bango. Mutum biyu su riƙe, ɗaya ya zana.

Abin da ke fuskar: babban dagi a saman ƙofa, takobi ɗaya a kowane gefe, keke a dama, allo da ɗan kurtun tawada a hagu, sai zagayayyun layuka masu naɗewa da suka ɗaure ƙofar. Ƙasa da allon akwai fili mai faɗin kamu biyu da ruwan indararo ya share tas.

Laraba, 11 ga Disamba, 2024

Gwajin ƙasa. An ɗebo jar ƙasa daga kududdufin da unguwar ta saba ɗiba, aka tsince duwatsu, aka yi kwaɓi uku a bayan gida, kowanne a fili mai rabin mita.

Na farko ƙasa ce da ruwa zalla, aka yaɓa ranar da aka kwaɓa. Na biyu kwando goma na ƙasa, kwando biyu na kashin doki, dami ɗaya na busasshiyar ciyawa da aka sassara gajeru, aka tattake da ƙafa, aka rufe kwana biyar ana yayyafa ruwa ana sake tattakawa. Na uku daidai da na biyu, sai dai da ruwan makuba aka yi kwaɓin ƙarshe.

Na farko ya tsattsage kafin la'asar. Na biyu ya riƙe, amma yana zubar da gari in an goga hannu. Na uku ya yi tauri, ya yi duhu, ruwan da aka watsa masa ya gangara bai shige nan take ba. Dattijon ya murza na farkon a tafinsa ya ce wa yaransa, "Ƙasan nan bai ruɓa ba. Ku bar gaggawa, ba tuwo kuke tuƙawa ba."

Yadda ake haɗa makuba: ɓawon ɗorawa ne bayan an cire kalwa da garin. A daka shi, a jiƙa kwana biyu zuwa uku har ruwan ya yi ja mai duhu yana ɗan kama hannu, sannan a tace. A jiƙa a randa ko robar ruwa, ba a duron ƙarfe ba, don ƙarfe na mayar da ruwan baƙi ƙirin, launin bango ya ɓaci. Makubar da ake da ita yanzu ta bara ce, tunda ɗorawa ba ta nuna sai bazara. Ta isa gwaji da cike ramuka, shafen ƙarshe kuma zai jira sabuwa.

Iskar hunturu na busar da fatar yaɓe cikinsa na ɗanye, shi ke kawo tsaga. Don haka ba a yaɓe sai rana ta bar bangon, kuma ana rufe sabon wuri da jiƙaƙƙen buhun algarara ya kwana.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

An kai ɗalibai tsohon Masallacin Juma'a da ke kusa da fada don su sami abin kwatance. Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, shi ya gina shi a zamanin Sarki Abdulkarim, na gidan Katsinawa, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. A shekarun 1970 aka kewaye tsohon ginin da sabo, kuma akwai kwafinsa a gidan adana gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Abin da aka ce su lura da shi shi ne inda adon yake. A masallaci gwanintar tana ciki: bakan gizo da ke tasowa daga ginshiƙai ya haɗu a sama, azara a jere, zane mai zurfi amma ba hayaniya. Ba keke, ba abin da ke nuna dukiyar wani. A gidan da muke gyara kuwa adon duk yana waje, a kan hanya, yana fuskantar mai wucewa. Gari ɗaya, sana'a ɗaya, amma wuri biyu da ladabi biyu.

Azara ba ta haye fili mai faɗi, in ta wuce kamar kamu huɗu ba tare da madogara ba sai ta lanƙwasa. Magini na ɗaura su ne hawa-hawa, kowace na ɗan zarta ta ƙasanta, a lulluɓe da ƙasa, har bakan ya rufe. Kyawun da ido ke gani daga wannan takura ya fito.

Labarin baka na cewa bayan Babban Gwani ya gina wani masallaci a Birnin Gwari, sarkin can ya sa aka kashe shi don kada ya gina wa wani irinsa. Ɗalibai sun rubuta shi a matsayin labarin baka. Abin nazari a ciki shi ne yadda masu ba da shi suke ɗaukar gwani: mutum ne da sarakuna ke kishi a kansa.

Talata, 21 ga Janairu, 2025

An gama zagayen hira: maigidan, mahaifiyarsa, maƙwabta, limamin unguwa, wani maɗinkin babbar riga, da maginin kansa. Ɗalibai mata ne suka shiga cikin gida, maza suka tsaya a zaure, kuma wannan rabon kansa ya shiga cikin abin da aka rubuta.

Ɗaliban sun zo da takarda mai layi biyu, alama a hagu, ma'anarta a dama. Takardar ba ta ciku ba. Da aka tambayi magini ma'anar dagi, ya ce, "Ado ne. Haka na taras ana yi." Wani matashi ya ce haɗin kan Arewa yake nufi. Wannan fassara tana da tushe, tunda dagi ya zama tambarin Jihar Arewa a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, amma siffar ta girmi wannan zamani nesa ba kusa ba. Maɗinkin rigar ya ɗauko wata tsohuwar aska takwas ya nuna irin saƙar a jikinta, ya kuma nuna cewa naɗaɗɗun layukan bakin ƙofa 'yan uwan tambarin da ake ɗinkawa a riga ne. Liman ya ce yana ganin irinsu a zayyanar Alƙur'ani rubutun hannu. Siffa ɗaya ke yawo tsakanin allura, alƙalami da hannun magini, kowa na sa ta inda yake son a girmama.

Takobi ma bakin bai haɗu ba. Wasu sun ce alamar kusanci da sarauta ne, wasu sun ce kariya ce daga baki da ido, maigida ya ce kakansa ba ya da sarauta ko ta unguwa.

Keken ne ya buɗe magana. Wata ɗaliba ta durƙusa ta ce, "Hajiya, wannan keken na waye?" Tsohuwar ta ce na surukinta ne, Raleigh, da shi yake zagaya ƙauyuka sayen auduga, kuma da ribar ya sauke farali. Bayan dawowarsa daga Makka, kafin a sami mulkin kai, ya kira magini ya yi wa zauren wannan ado. Allon kuwa na makarantar da ake yi a zauren ne da safe da yamma. Ashe bangon tarihin mutum ɗaya ne a taƙaice: neman halak, karatu, Hajji. Shi kansa bai sa an zana surarsa ba, ba kuma surar wani abu mai rai a duk fuskar. Mutumin ya bayyana kansa da kayan aikinsa.

Ra'ayinmu bayan wannan zagaye shi ne neman ma'ana ɗaya ga kowace alama ɓata lokaci ne. Ɗabi'un sun fi fitowa a shawarwarin da aka yanke. Ga misalan da aka auna da tef. Ƙofar waje da ƙofar ciki ta zauren ba sa kallon juna, an karkatar da ta ciki mita 1.3 zuwa arewa, ta yadda wanda ke kan hanya ba zai hango tsakar gida ba: sutura ce aka gina da ƙasa. Dakalin da ke waje ya ɗauki mutum shida, ba a tambayar mai zama daga ina yake, kuma shi ne ke kare gindin bango daga ruwa. Bangon cikin gida, wanda baƙo ba ya gani, ba ko layi ɗaya a jikinsa. Adon ciki yana ɗakin mata, a jeren tasoshi da kwanuka da suka hau bango, kuma wannan ba aikin magini ba ne, dukiyar mace ce da shaidar gatanta.

Sai dai kada a wanke bangon fiye da kima. Akwai gasa a ciki. Wani maƙwabci ya ce zamanin da aka yi shi, in wane ya yi zane sai wane ya yi wanda ya fi. Kuma duk wanda aka tambaya ya san sunan mai gidan, amma ba wanda ya riƙe sunan maginin da ya yi zanen, balle na masu tattake ƙasa. Manyan gine-ginen ƙarni na 19 ma da ƙarfin bayi aka ɗaga da yawansu. An ce wa ɗalibai su rubuta wannan a shafi ɗaya da maganar karamci.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, 2025

An ɓamɓare facin siminti da kurfi, daga sama zuwa ƙasa, gutsure-gutsure, don kada ya faɗo gaba ɗaya ya tafi da wutsiyar takobi. A bayansa ƙasar ta zama gari, ga tsohuwar hanyar gara. An kwashe har aka kai ga mai tauri.

Ramin gindin bango ya yi zurfin da yaɓe kaɗai ba zai cike shi ba. An yi tubali 140 da hannu, aka shanya mako biyu, aka jera su kaifin na sama kamar yadda aka saba, ana cusa kwaɓi tsakaninsu. Ba a sa sahu na gaba sai na ƙasa ya sha iska.

Ka'idar yaɓe a kan tsohon bango: a karce shi, a share ƙura, a yayyafa ruwa ya jiƙu amma kada ya yi caɓi, sannan a maka kwaɓin da ƙarfi ya shiga. Kowane shafi kada ya wuce kaurin yatsa biyu. In ya fi haka nauyinsa zai janye shi kafin ya kama.

Zanen kansa da yatsu ake tayar da shi tun yaɓen na da danshi. Magini na fara jan layin da tsinke, ya mulmula ƙasa kamar igiya ya ɗora, ya matse gefe da gefe da babban yatsa da manuni, ya goge da jiƙaƙƙen tafi. An mayar da layi ne kawai inda ledar da aka kwafa ta nuna shi. Wayoyin ƙafar keke ba sa tsayawa in an tayar da su, sun yi siriri, suna karyewa wajen bushewa. Da aka duba ƙafar da ta tsira, sai aka ga maginin farko tona su ya yi ciki da bakin wuƙa. Haka aka bi.

Lahadi, 9 ga Maris, 2025

Azumi ya kama tun 1 ga wata. Aikin ƙarfi ya koma daga bayan asuba zuwa hantsi, kuma tunda rana na kan bangon a lokacin, an kafa rumfar zana a gabansa.

Saura filin da ruwa ya share. Ba hoto, kuma masu tunawa sun rabu: wasu buta, wasu bindiga, wata tsohuwa ta ce laima. Ɗaliban tarihi suka ce a bar shi shafe, tunda ƙa'idar gyaran kayan tarihi ita ce kada a ƙirƙiro abin da ba shaida a kai. Ɗan maigida ya ce a sa kwamfuta, ita ce sana'arsa, kuma da kuɗinta ake biyan rabin aikin. Ɗaliban zane suka goyi bayansa, suka kawo maganar ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a Zariya a 1958, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka nace a haɗa gadon gida da abin da zamani ya kawo. Hujjarsu mai ƙarfi ce: keken ma ranar da aka zana shi sabon abu ne.

Maginin bai sa baki ba sai da maigida ya ce, "Baba, kai me ka gani?" Ya ce, "Alhaji, gidanka ne. Amma bangon nan na kakanka ne. In yaro na son nashi, ga bangon kudu nan ba kowa." A kan haka aka tsaya. Filin zai zauna shafe, an ɗan nutsar da shi kaurin yatsa ɗaya don mai kallo ya gane gyara ne. Maganar bangon kudu an bar wa 'yan gida.

An ba ɗalibai aikin rubuta wannan muhawara, kowa ya kare ɓangaren da bai goya wa baya ba.

Litinin, 14 ga Afrilu, 2025

Sabuwar ɗorawa ta shigo kasuwa. An sayi buhu huɗu na ɓawo, an yi shafe biyu, kwana uku tsakani, da tsumma ba da buroshi ba, don buroshi na barin sawu a kwarin zane.

Rawanin bango da zankwaye su ke fara karɓar ruwa, don haka laso suke so. Ana haɗa shi da katsi, wato dattin gindin rijiyar rini da aka busar aka ƙona, da gashin akuya daga majema, da ruwan saiwar dafara da aka daka aka jiƙa har ya yi yauƙi. Katsin ne ya yi wuya. Marinar da ke aiki da baba ta ragu ƙwarai, abin da aka samu bai wuce kwano shida ba, ya ishi zankwaye da saman rawani kawai. Sana'o'in a sarƙe suke: in marini ya rufe rijiya, magini ya rasa abin rufe bango.

An sa sabon indararo mai fitowa kamu biyu daga jikin bango, aka jera duwatsu inda ruwan zai sauka.

Wani maƙwabci ya kawo shawarar fentin mai, kore da shuɗi da rawaya, irin na ƙofar fada. An ƙi, don fentin mai na toshe ƙasa ya tsare danshi, bayan damina biyu ya fara ɓarewa da fatar bangon. An taɓa dagi da takubban da farar ƙasa kaɗai, tunda an ga ragowarta a lungunan tsohon zanen.

Asabar, 10 ga Mayu, 2025

Ruwa mai ƙarfi ya sauka da iska a makon nan. Laso ya riƙe, indararo na zubarwa nesa da bango. An sami tsaga mai siririn gashi, tsawon taƙi biyu, a inda sabon yaɓe ya haɗu da tsoho a kusurwar dama. An cike ta da ruwan kwaɓi mai makuba, za a sake dubawa bayan ruwa na gaba. Farar ƙasar takobin hagu ta ɗan zuba, tana son a ƙara mata ƙaro a shafe na biyu. Ƙasan dakali ta arewa ruwa na kwanciya, sai an ja ƙaramar magudana zuwa kwata.

Magina na cewa makuba ba ta wuce shekara biyu ba a sabunta ba, laso kuma kamar biyar. An rubuta wa maigida wannan a takarda da kiyasin buhunan da zai buƙata, kuma ƙaramin yaron maginin, wanda ɗan unguwar ne, ya karɓi duba bangon duk bayan babban ruwa.

Abin da ya rage: ɗaukar hoton kowane gida na igiya a ƙarshen Agusta, lokacin da ruwa ya fi yawa, a kwatanta da na Nuwamba, juyar da hirarraki zuwa rubutu, an gama huɗu saura biyar, da neman izinin masu gida biyu a layin baya, waɗanda zanensu na siminti ne da aka tona da wuƙa, don a auna su kafin kaka.